Kwalba Biyu a Hannu Ɗaya

Litinin, 6 ga Oktoba

Salamu alaikum 'yan uwana mata, ina fata kun wuni lafiya, yau akwai labari, ku canki wa na ja zuwa asibiti... Kai, ji ni fa. Littafi ne a gabana ba waya ba, ba mai karantawa, amma hannu ya saba. Yaya ce ta ce in ta ga wannan maganar a sitatus ɗina sai ta jefa wayar a bokitin wanki, shi ya sa nake zuba surutuna a nan.

Yaya ta yi gwajin bakin mahaifa. Yaya da kanta, matar da ko allura ta ga za a yi wa wani sai ta juya baya, alhali wuni take da allura a baki a shagon ɗinkinta. Na daɗe ina mata naci. Abin da ya karya ta shi ne da na ce mata yanzu ba mai buɗe mutum, da kanki za ki ɗauka.

Nas ɗin ta ba kowaccenmu 'yar kwalbar roba mai sitika da sunanta, layi-layi baƙaƙe a jiki, da wani dogon tsinke mai laushin kai. Ta nuna mana a hoto yadda ake yi. Bayi ɗaya ne ke aiki, Yaya ta fara shiga, ni na riƙe mana kwalaben. Na ce bari in ɗauki hoto, ko ban ɗora yau ba wata rana ya yi amfani. Hasken wurin bai yi ba, na yi ta juya hannu. Yaya daga ciki tana cewa, "Auta, miƙo min abin nan kafin in fasa." Na zura mata ta ƙasan ƙofa.

Da ta fito ta ce, "Wannan ne kika cika min kunne a kai?" Tana ta cika tana batsewa, amma na ga ta ji sauƙi.

Wai inji ne zai duba a ɗakin gwaji, sakamako kuma saƙo ne zai shigo. Lambata na ba su ta mu biyu, don wayar Yaya kira kawai take yi da ita.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi, in duba in ga tallar data ce. Na ɗinka maɓallan rigar wata mata a bai-bai. Yaya ta sa na warware, ta ce da a ce yatsuna na bin allura yadda suke bin gilashin waya da tuni na buɗe shagona.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ya shigo. Saƙo biyu a jere, ina tsakiyar guga.

Na Yaya: ba a samu komai ba, ta dawo bayan shekara biyar. Nawa: an samu ƙwayar cutar HPV nau'i na 16, in zo asibiti.

Na karanta mata nata, ta ce alhamdulillah ko ɗago kai ba ta yi daga keke ba. Ta ce, "Naki fa?" Na ƙura wa wayar ido. Sai da ƙaurin ƙuna ya tashi na tuna dutsen guga na kan zanin mutane. Ba ta ma yi faɗan zanin ba, a nan na san abin ya kai.

Na shiga waya na rubuta sha shida ɗin nan. Da ban shiga ba. Hotuna, bidiyo, wata tana kuka, wani yana sayar da garin magani. Kowa na cewa shi da 18 su ne miyagun. Ni da na kai mutane gwaji.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na koma wajen nas. Ta zaunar da ni ta ce in ajiye wayar a cinya in kalle ta. Ta ce samun ƙwayar ba shi ne samun sankara ba. Mata da yawa suna ɗauka, jiki ya kore ta da kansa ba su ma sani ba. Ƙwayar dangi-dangi ce, kowace da lambarta, shi ya sa injin ba ya tsayawa a "akwai" ko "babu", sai ya faɗi wacce ce. In 16 ce ko 18 ba a jira, likita za ta duba bakin mahaifa da abin ƙara girma ta gani ko ta fara ɓarna. Ta ba ni ranar 28.

Ta ƙara da cewa, "Kuma kar ki je gida ki tayar wa mijinki da bala'i, ba mai iya faɗa miki yaushe ta shigo."

Ban tayar ba. Na dai yi masa faɗa a kan safarsa da ya bari a kan kujera har sai da ya ce, "Ke, safa ce ko wani abu?" Na gaya masa. Ya zauna da hannunsa duk baƙin mai na gareji, ya rasa inda zai sa shi. Ya ce ranar zai rufe ya kai ni. Na ce Yaya ta riga shi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yaya ta mayar da ni jaririya. Ta hana ni guga, ta hana ni shara, ta soya min ƙwai ta tsaya a kaina sai na cinye. Ta ce, "Tun kina goye a bayana Mama ta bar min ke, ba wata lamba da za ta karɓe ki." Har 'yan matanta uku ta tara ta ce kowa ta sa Anti a addu'a.

Da la'asar waya ta ce wuri ya cika, na zauna ina share hotuna. Sai ga hoton ranar. Hannuna, kwalba biyu, sitikun sun juya ciki.

Na daɗe ina kallonsa.

Da nas ta ba mu, tawa na hannun dama, ta Yaya na hagu, wannan na tuna. Sai na haɗa su a hagu don in riƙe waya. Na juya su, na sake juyawa, don haske. Da Yaya ta yi kira, wacce na zura mata? Ban duba ba. Wallahi ban duba ba. Da na shiga nawa ma ban duba ba, ina sauri, akwai mata a layi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Jiya da abin ya faɗo min, kafin tsoro ya zo, wani sanyi na ji a ƙirjina. Daɗi na ji. Wai ƙila ba tawa ba ce. Matar da ta soya min ƙwai. Allah ka yafe min.

Talata, 21 ga Oktoba

Na ce wa Yaya zan je sayen zare, na wuce asibiti. Nas ta ji bayanina ta dafe goshi, ta ce in hau sama in tambayi masu ɗakin gwaji ko akwai dabara.

Ba a shiga, ta taga ake magana. Ta gilashi na hango injin. Ni da na zaci wani abu ne mai fitilu kamar na fim, ashe kamar babban firij ne a kwance, fari, da murfin gilashi. Kwalabe a jere cikin faranti, wani hannu na tafiya yana dawowa a kansu, yana tsotsa yana ɗigawa, ba ya gajiya ba ya waige. Ba wanda ke tsaye a kansa ma.

Wata mata mai farar riga da tabarau a goshi ta zo taga. Na nuna mata hoton, ta ƙara girmansa da yatsu, ta mayar min.

Na ce, "Anti, ba zai yiwu inji ya yi kuskure ba?"

Ta ce, "A kan me? Ya karanta layukan sitika, ya nemi ƙwaya a cikin kwalbar, ya samu, ya faɗi lambarta. Abin da ke cikin kwalbar nan mai sunanki sha shida ne, wannan ba na shakka. Wa ya zuba a ciki, ke za ki gaya min."

Na ce to in akwai sauran ruwan, a sake sa masa ya duba ko na waye.

Ta yi 'yar dariya. "Ƙanwata, ƙwaya aka koya masa nema, ba a koya masa sanin mutane ba. Ko sau nawa na sa masa, amsa ɗaya zai ba ni."

Sai na kawo abin da nake ta riƙewa a zuciya. Na ce ai ma ba zai zama na Yaya ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, ƙaramarta ko tafiya ba ta fara ba lokacin, yanzu tana sakandare.

Ta sauko da tabarau ta dube ni. Ta ce ƙwayar kan zauna shekaru shiru. Kuma wadda ta daɗe ba ta tafi ba ita ce aka fi son a gani da wuri. "Ku dawo ku biyu. Kowa da kwalbarta a hannunta."

Na sauko ina lissafi. An ce wa Yaya shekara biyar. In nata ne, shekara biyar za ta yi tana taka keke tana cewa alhamdulillah.

Zaren ma na manta ban sayo ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na buɗe baki zan faɗa, sai ga mai rigar biki ta shigo tana rantsuwa wai ba ta ƙara ƙiba ba, tef ɗinmu na awo ne ya tsuke. Yaya ta ce, "Haka ne, Hajiya, ruwa ne ya taɓa shi." Muka yi ta dariya bayan ta fita, har da hawaye. Ta yaya zan ɓata wannan?

Na rubuta a guruf ɗinmu na mata a waya, ba suna, wai wata ƙawata ce. Amsa ta fi ƙarfin karatu. Wata ta ce a sha tafarnuwa, wata ta ce duk ƙaryar masu inji ce, wata ta turo hoton takalman da take sayarwa. Na goge.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na faɗa.

Tana yankan yadi, na tsaya a bayanta don kar in ga fuskarta. Na yi ta kwana-kwana har ta ce, "Auta, in kin ƙona wani zanin ne ki faɗa." Na nuna mata hoton. Na yi bayani sau biyu kafin ta gane.

Ta ajiye almakashi a hankali. Da ta yi ihu da ya fi min.

"Wato hoto kike ɗauka."

Na ce eh.

"Ina tsugune a bayin asibiti, ke kina gyara haske."

Daga nan ta ce ita an gama da ita. Inji ya ce ba ta da komai, saƙo ya zo da sunanta, ba ta komawa. "Rabona da namiji tun yaushe? A ina zan samo? A jikin keken ɗinki?" Na faɗa mata abin da mai tabarau ta ce. Ta ce mai tabarau ta je ta gwada uwarta. Yaya da ba ta zagi.

Sai ta ce abin da ya fi min ciwo. "Tsoro ne ya kama ki, kike neman wanda za ki ɗora wa."

Ban iya cewa ƙarya ne ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ba ta min magana. Amma ƙwai na nan a rufe a kan teburin guga.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na kasa zama wuri ɗaya, na share shago, na jera zare launi-launi, na sake wargazawa. Maigida ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na bar shayi ya huce ba sai satin nan.

Da za mu rufe, Yaya ta yi magana tana kallon ƙofa: "Gobe da wuri za mu fita, kar ki shanya ni."

Na ce ba na zuwa.

Ta juyo.

Na ce, "In ba za ki sake gwajin ba, ni ma ba likitar da za ta duba ni. In nawa ne ya cinye ni, in naki ne ya cinye ki, sai mu ga wadda za ta riga." Ban san daga ina maganar ta fito ba, ban shirya ta ba.

Ta ce, "Ni kike wa sharaɗi? Ni da na wanke miki kashi?"

Na ce eh, ke.

Ta ɗaga hannu, na rufe ido. Ba ta mare ni ba. Ta fizge makullin daga hannuna ta kulle shagon da kanta, ta tafi ko sallama babu.

Talata, 28 ga Oktoba

Ina shanya na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ita ce, da mayafinta na fita unguwa, fuska a murtuke.

"Sa takalminki, mara kunya."

A asibiti ta ce wa nas, "Ki ba ni tawa a hannuna, wannan yarinyar kar ta ko kalle ta." Ta sa nas ta karanta mata sunan, ta sa wata mata da ke layi ta sake karantawa. Ta shiga bayi da kwalbar a damƙe kamar za a ƙwace. Nas na ta danne dariya. Ni kuma nas ɗin ta karɓe min waya ta sa a aljihunta sai da na fito.

An ɗage ganin likita sai sabon sakamako ya fito, don ba a san wa za a duba ba.

A hanyar dawowa Yaya ta ce, "In ya fito nawa babu komai, sai kin yi wata guda kina wanke min bayi." Na ce na yarda. Allah ya sa in wanke.

Na rubuta wannan na tsaya ina kallonsa. Da gaske nake? Ina jin da gaske nake.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Shiru, sakamako bai shigo ba. Ina ta tuna hannun injin nan yana tafiya yana dawowa. Ko ya iso kanmu.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Nawa: ba a samu ba.

Na Yaya: 16.

Na fita bayan shago na karanta, na sake karantawa, na duba sunan harafi-harafi. Da na dawo ba sai na yi magana ba. Ta dube ni, ta ci gaba da taka keke har ta kai ƙarshen layin ɗinkin, ta yanke zare da haƙori.

Ta ce, "To ke kin fita. Alhamdulillah." Kuma har zuciyarta take faɗa, na gani a idonta. Ni da na ji daɗi ranar nan.

Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kar ki gaya wa yaran tukuna. Babbar na jarrabawa."

Na kira nas, ta ba mu ranar 13. Maigida ya sayo lemo wai a yi murna, na ce ya kai wa maƙwabta.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ta kira ni ɗakinta wai in taya ta neman ɗan kunne. Ba ɗan kunnen da ya ɓata. Ta ce, "Abin nan da za a duba, da zafi?" Na ce nas ta ce kamar ciwon mara ne kaɗan. "Mace ce likitar?" Mace ce. "Za ki shiga?" Na ce in sun bari.

Ta ce, "Su bari mana."

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Sun bari. Na tsaya ta wajen kanta, ta riƙe min hannu har zobena ya shige min fata. Idonta a rufe, bakinta na motsi.

Likita ta shafa wani ruwa, ta duba ta cikin abin, ta ce akwai ɗan wuri da ya yi fari, ƙarami. Bai zama sankara ba, amma irin wanda ba a bari ne. Ta ce za ta iya gamawa da shi yanzu, da wani ɗan ƙarfe mai zafi, in Yaya ta yarda. Yaya ta buɗe ido, ba ta kalli likita ba, ni ta kalla.

"Me ta ce?"

Ta ji fa. Da Hausa aka yi maganar. Na maimaita mata.

"Ke me kika gani?"

Na waiga ko da wani take. Na ce a yi. Aka yi. Kafin in gama karanta abin da na iya na addu'a an gama. Likita ta ce za ta ga ruwa-ruwa na 'yan makonni, kar ya tsorata ta, ta dawo bayan shekara a sake ba inji. Ta ce mun zo a kan lokaci. Ban tambaye ta shekara biyar fa ba. Ba na son ji.

Muna isa gidanta Yaya ta nufi shagon da ke ƙofar gida wai akwai ɗinkin da za a karɓa jibi. Na tare ƙofa. Na ce yau ba keke, gobe ma ba keke, ki je ki kwanta, zan kira mai kayan in ba ta haƙuri, zan kawo miki ruwan ɗumi. Likita ba ta ce ko ɗaya ba, ni na ƙara. Na gyara tsayuwa ina jiran ta wanke ni tas.

Ta tsaya tana kallona, jakarta a hannu. Na lura da furfura a gefen ɗankwalinta, ban san tana da ita ba.

Ta ce, "To."

Ta miƙo min jakar ta wuce ɗaki.

Ina zaune a kujerarta yanzu, ta yi min tsayi, ƙafata ba ta kai ƙasa sosai. Ba wani abu ba ne, gajiya ce kawai ta sa ta faɗa, gobe za ta dawo da faɗanta. Bari in je in duba ko ta sha ruwan.